GIZO-GIZO: MAI GADIN DA MUKE SAKA WA DA GUBA

A cikin daminar bara, a gidan hayar da nake zaune a Agege ta Ikko, wani yaro ɗan shekara shida ya wayi gari da dogon tabo a wuyansa, ja wur, da ƙuraje masu ruwa a jere kamar an ɗiga masa tafasasshen mai. Tun ba a karya kumallo ba matan gida suka yanke hukunci, suka ce ai tautau ne ya bi ta kansa da dare. Uwar ta ɗauki tsintsiya ta kakkaɓe duk wata yana da ke ɗakin. Da magariba uban ya sayo fiya-fiya a bakin titi, ya yayyafa a kusurwoyi da ƙarƙashin gado, aka rufe taga saboda sauro, aka kwanta.

Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji ana dukan ƙofa. Yaron da ƙanwarsa ne suke ta amai, yawu yana dalala, numfashi yana sarƙewa. Da yake da sauran shan ruwansu a gaba, an kai su asibiti da wuri, bayan kwana biyu aka sallamo su. Likitan da ya duba su ya ce maganin da aka yayyafa shi ne ya kusa halaka su. Da ya dubi wuyan yaron kuwa sai ya ce wannan aikin wani ɗan ƙwaro ne mai zuwa wurin fitila, babu hannun gizo-gizo a ciki ko kaɗan.

Wannan al'amari shi ya sa na shiga bin diddigin wannan halitta da muke kwana ɗaki ɗaya da ita, don mu san abin da take yi mana, da abin da muke ɗora mata alhali ba ta ji ba ta gani ba.

GIZON TATSUNIYA DA NA JIKIN BANGO

Da wuya a sami ƙaramar halittar da ta shiga bakin Bahaushe kamar wannan. Yaro tun bai iya ɗaura wando ba ya san Gizo da matarsa Ƙoƙi, ya san wayonsa da haɗamarsa da tsamin bakinsa. Mutanen Ashanti na ƙasar Gana su ma suna da nasu, Ananse, wanda bayin da aka kwasa suka haye teku da labarinsa har Jamaika. Sura ta 29 a cikin Alƙur'ani mai girma sunansa ta ɗauka, watau Ankabut, kuma labarin saƙar da ya yi a bakin kogo lokacin Hijira sananne ne a littattafan tarihi. Da intanet ta zo ma, sunan da Hausawa suka raɗa mata shi ne yanar gizo. Amma duk da wannan sabo, in ka tara mutum goma ka tambaye su ƙafa nawa gare shi, da ƙyar rabinsu za su faɗa daidai.

To, ƙafa takwas gare shi, jikinsa kuma kashi biyu ne, kai haɗe da ƙirji, sa'an nan ciki. Ƙuda da fara da sauro kuwa ƙafa shida gare su, jikinsu kashi uku. Saboda haka masana ba sa lissafa shi cikin jinsinsu. Danginsa na kusa su ne kunama da kaska. Ba shi da fiffike. Yawancinsu ido takwas gare su, ko da yake masu saƙa ba su cika gani sosai ba, da motsin zare suke sanin baƙo ya faɗo. Ba ya iya haɗiye abu mai tauri: in ya kama ƙwaro sai ya sa masa dafi, ya zuba masa wani ruwa mai narkar da nama, ya tsotse romon ya yar da ƙwanson. Busassun ƙudajen nan da ake gani rataye a jikin yana, ragowar tuwonsa ke nan. Akwai wani kundi da ake ajiye da shi a gidan adana kayan halitta na birnin Bern a Suwizalan, inda ake rubuta kowane irin gizo-gizo da aka gano. A shekarar 2022 lissafin ya kai iri 50,000, kuma har yanzu ana ƙara gano sababbi.

Zaren kansa abin mamaki ne. A cikin cikinsa ruwa ne, sai ya fito ta wasu ƴan ƙofofi a ƙarshen cikin sa'an nan ya daskare. Masu zagayayyar saƙa suna da zare har iri bakwai: da na shimfiɗa ginshiƙi, da mai danƙo na kamu, da na naɗe abinci, da na lulluɓe ƙwai. In aka auna nauyi da nauyi, zaren ginshiƙin ya fi ƙarfe juriyar ja, ga shi kuma yana miƙewa kamar roba. Da yawansu sukan cinye tsohuwar saƙa su sake sabuwa da abin da suka ci, babu asara. A tsibirin Madagaska wasu mutum biyu, Simon Peers da Nicholas Godley, sun sa an tatsi zaren gizo-gizo fiye da miliyan ɗaya aka saƙa alkyabba mai ruwan zinariya ba tare da rini ba, aka nuna ta a birnin Landan a shekarar 2012.

ABIN DA YAKE CI

A nan ne amfaninsa yake. Duk gizo-gizon da ke duniya, in ban da kaɗan ƙwarai, mafarauci ne. Ba ya cin hatsi, ba ya cin tufa, ba ya cin katako, ba ya sauka a kan tuwo, ba ya shan jinin mutum. A shekarar 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler na Jami'ar Basel da Klaus Birkhofer, suka buga ƙiyasin da ya girgiza jama'a. Suka ce in aka tara gizo-gizon duniya duka nauyinsu zai kai wajen tan miliyan 25, kuma a shekara guda suna cin abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800, fiye da kashi 90 cikin 100 ƙwari ne da makamantansu. Nama da kifin da ƴan Adam gaba ɗaya suke ci a shekara wajen tan miliyan 400 ne. Mai karatu ya kwatanta da kansa. Gaskiya ne galibin wannan farauta a daji da makiyaya ake yin ta, amma wanda ke kusurwar ɗakinka shi ma yana cikin rundunar.

Iri uku ne aka fi cin karo da su a gidajenmu. Akwai mai dogayen ƙafafu sirara kamar gashi, wanda ke rataye a kusurwar rufi da bayan ƙofa, in an taɓa yanarsa ya dinga karkarwa. Abincinsa sauro da ƙananan ƙudaje, har da ƴan'uwansa gizo-gizo. Akwai ɗan ƙarami mai tsalle, mai manyan idanu biyu a gaba, wanda ke yawo a bango da rana yana laɓaɓa wa ƙuda kamar kyanwa. Sa'an nan akwai babban nan mai faɗi, mai gudun tsiya, wanda ke fitowa da dare daga bayan kabad ko makewayi, wani lokaci a ga macen rungume da farin ƙunshin ƙwai a ƙarƙashinta. Shi ne ya fi ba mata da yara tsoro, shi ne kuma ya fi saurin shan takalmi, alhali ba ya ko yin saƙa, kuma babban abincinsa kyankyaso ne.

A gaɓar Tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, akwai wani ɗan mai tsalle da masana ke kira Evarcha culicivora. Wani bincike da Robert Jackson da abokan aikinsa suka buga a 2005 ya nuna cewa in aka ba shi zaɓi, macen sauro wadda ta sha jini yake ɗauka. Kada dai wani ya ji wannan ya naɗe gidan sauronsa ya ce ya bar wa Gizo gadi. Gizo-gizo ba zai kawar da zazzaɓin cizon sauro ba. Iyakar abin da nake cewa shi ne, a wannan yaƙi yana ɓangarenmu.

Shi ma abincin wasu ne. Tsaka da ƙadangare da kaji da tsuntsaye duk suna cinsa, wasu ƙananan tsuntsaye kuma da yanarsa suke ɗaure sheƙarsu. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro yana yaro ya san abin da ake tararwa a ciki: gizo-gizo ne cunkushe, an harbe su sun sandare amma ba su mutu ba, an tanade su don tsutsar zanzaron ta ci in ta ƙyanƙyashe.

DARASI DAGA GONAKIN SHINKAFA

Manoman shinkafarmu na Kebbi da Kura da fadamar Haɗeja ya kamata su ji abin da ya faru a Indonesiya. A shekarun 1970 zuwa 1980 gwamnatin ƙasar ta sa rangwame mai yawa a kan maganin feshi, manoma suka dinga fesawa ko da ƙwari ko babu. Sai ga wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa mai tsotson ruwan karan shinkafa, wanda a da ba a damu da shi ba, ya zama annoba, yana ƙone gona ɗungum. Da masana suka duba sai suka tarar feshin yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron, shi kuwa ƙwansa yana ɓoye cikin kara, magani ba ya kai gare shi. In ya ƙyanƙyashe sai ya tarar da gona babu maƙiyi. A shekarar 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magungunan ƙwari iri 57 a gonakin shinkafa, daga baya aka buɗe makarantun manoma a bakin gona inda ake koya musu bambanta ƙwaro mai ɓarna da mai taimako kafin a ɗauki famfon feshi. Manomin da ya shiga gonarsa da sassafe ya ga raɓa ta kwanta a kan saƙa ko'ina, to ya sani yana da ma'aikata waɗanda ba sa neman kuɗin ƙodago.

LAIFIN DA AKE ƊORA MASA

Mu koma kan wuyan yaron nan. Ƙwaron da likita yake nufi siriri ne, tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa ba, jikinsa baƙi da ja-ja a jere, masana suna kiran jinsinsa Paederus. Da damina yake yawa, kuma hasken lantarki yake bi. Ba ya cizo, ba ya harbi. Guba ce a cikin ruwan jikinsa, in mutum ya murtsuke shi a fata cikin barci, bayan kwana ɗaya ko biyu sai wurin ya yi ja ya ɗuri ruwa, a jere bisa hanyar da hannu ya bi. Maganin abin shi ne in ya sauka a jikinka ka hure shi, kada ka murje. In kuwa an riga an murje, a wanke wurin da sabulu da ruwa nan take, kada hannun ya kai ido.

Akwai kuma wata cuta da ake jingina wa tautau, wadda ta fi wannan tsanani. Ƙuraje ne masu ruwa da raɗaɗi kamar wuta, suna fitowa a gefe ɗaya na jiki, a haƙarƙari ko a fuska, ba sa tsallake tsakiya. Wannan ƙwayar cutar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro, ta laɓe a cikin jijiya shekara da shekaru, ta farka sa'ad da jiki ya yi rauni ko girma ya kama. Akwai maganinta a asibiti, amma ya fi aiki in an soma shi cikin kwana uku na farko, kuma in ta fito kusa da ido tana iya taɓa gani. Wanda ya zauna yana shafe-shafe yana tsine wa gizo-gizo, waɗannan kwanaki uku yake ɓatarwa.

Ba mu kaɗai ke wannan kuskure ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka an buga wani bincike a 2011 a kan mutum 182 da suka je asibiti suna cewa gizo-gizo ya cije su. Mutum 7 kaɗai aka tabbatar da haka ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatarsu, irin masu kawo maruru.

Ba na cewa duk gizo-gizo salihi ne. Kusan dukkansu suna da dafi, sai dai na kashe ƙwaro ne, da yawansu ma haƙorinsu ba ya iya huda fatar mutum. Masu haɗari na gaske ƴan kaɗan ne, kuma waɗanda suka fi suna a Ostareliya da Birazil da Amurka suke. Ko na birnin Sidni, wanda ake ji da shi, tun da aka fito da makarin dafinsa a 1981 ba a sake rubuta cewa ya kashe kowa ba. Wanda ya kamata mu gane shi ne irin da Turawa suka laƙaba wa suna bazawara. Mai ruwan ƙasa daga cikinsu ya bazu a ƙasashe masu zafi, har da na Afirka. Cikinsa ƙulu ne, a ƙarƙashin cikin akwai tambari ja ko ruwan lemo mai siffar kalangu, ƙunshin ƙwansa kuma yana da ƴan tsinaye kamar ƙarangiya. Yana son ƙarƙashin kujera, da bakin bokiti, da cikin tsohuwar taya. Matsoraci ne, ba ya cizo sai an matse shi. In aka ɗora wannan a sikeli da sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zazzaɓinsa ya kashe kusan mutum 600,000 a 2023, wajen kashi uku cikin goma a Nijeriya, sai a ga tsoronmu ya ɓata hanya.

YADDA ZA A ZAUNA DA SHI

Babu mai cewa a bar ɗaki ya cika da yana. Tsohuwar yana tana tara ƙura da baƙin hayaƙi, tana zubowa cikin abinci, ga shi kuma akan ce tana jawo tsiya, wanda ko ba komai ya nuna ɗakin ba a kula da shi. Amma raba gida da gizo-gizo gaba ɗaya ba mai yiwuwa ba ne. Ƴaƴansa sukan saki zare iska ta ɗebe su. Charles Darwin ya ga sun sauka a jirgin ruwan da yake ciki a 1832, alhali suna wajen mil 60 daga gaɓar Ajantina. A jihar Karolina ta Arewa a Amurka masana sun bincika gidaje 50, suka buga sakamakon a 2016, babu gida ko ɗaya da ba su same shi ba.

Abin da ya fi komai aiki shi ne tsintsiya ɗaure a doguwar sanda, sau ɗaya a mako, a bi kusurwoyi da bayan kabad da ƙarƙashin gado. A lura da ƙunshin ƙwai musamman, a fitar da shi waje, domin guda ɗaya yana iya ƙyanƙyashe ƴaƴa da dama. Bayan haka sai a tuna cewa abinci ne ya kawo shi. Ɗakin da gizo-gizo ya yi yawa, to ƙuda da sauro da kyankyaso sun riga shi yawa. A rufe abinci, a fitar da shara kullum, a sa raga a taga, a toshe tsagar bango da ƙasan ƙofa. Ƙwan lantarkin da ke bisa ƙofa yana kwana a kunne shi ne ke tara ƙwari, har da mai ƙona fata ɗin nan. In da hali a matsar da shi nesa da ƙofa da taga. Tarin kwalaye da tsofaffin tayoyi da itacen girki a raba su da jikin ɗakin kwana. Takalmi da tufar da suka daɗe a ajiye a kakkaɓe su kafin a sa, wannan ma ya fi zama dole saboda kunama. In babban nan ya fito, a kife shi da kofi, a zura kwali ta ƙasa, a kai shi bayan gida ya ci gaba da farautarsa.

Feshi kuwa bai cika yi masa komai ba in ba a kansa aka fesa ba, domin a kan zare yake zaune, in yana tafiya ma da tsinin ƙafa yake taka ƙasa. Fiya-fiya da ake sayarwa a ƙananan kwalabe marasa suna galibi ana haɗa shi ne da wani sinadari mai suna dichlorvos, wanda na gona ne, yana tashi cikin iska mutum ya shaƙa. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe da kuma tallansa a titi, amma har yau bai ɓace daga kasuwa ba. Alamomin gubarsa su ne waɗanda muka gani a daren nan: dalalar yawu, amai, gumi, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Wanda ya ga haka ya fitar da mutum sarari, ya cire masa tufar da maganin ya taɓa, ya garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a tsaya ɗura manja ko madara.

In kuma an tabbata gizo-gizo ne ya yi cizo, watau an gan shi ido da ido, a wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga, kada a ɗaure, kada a tsotsa. Yawanci zafin ba ya wuce na harbin zuma. In ciwon ya haura zuwa ciki ko ƙirji, ko jiki ya soma ɗaurewa da gumi, ko kuwa ƙaramin yaro ne ko tsoho, sai asibiti. Akwai kuma tsohuwar al'ada a wurare da yawa na duniya ta manna yana a kan yanka don tsai da jini. Masana a Jami'ar Aarhus ta Denmak sun gwada zaren iri-iri, suka bayyana a 2021 cewa ba su ga yana kashe ƙwayoyin cuta ba. Ƙurar da ke jikinta kuwa tana iya kai wa mutum ciwon sarƙe haƙora.

Yaron maƙwabcina ya warke, tabon wuyan ya ɗauki makonni kafin ya baje. Uban ya kira kafinta ya sa raga a tagar, ya mai da ƙwan lantarkin can bakin zaure. Da na leƙa gaishe su bayan mako biyu, sai na hangi mai dogayen ƙafafun nan ya koma kusurwarsa ta da, har da sauro biyu a naɗe. Na nuna wa uwar. Ta dube shi ta ce, "Baban Abba, ni dai ran Juma'a zan share abina, in ya ga dama ya sake saƙawa."